Farantin Kuloci a Shagari

Ina 'yar shekara tara Baba ya tafi da ni Shagari neman farantin kuloci. Tsohuwar bas ɗinsa ta kwana goma a ƙofar gidanmu a Boɗinga ba ta motsa ba, ita ce kuma cinmu da shanmu. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kayan mota sun yi wuya, har Sakkwato ya duba bai samu ba.

Mai kayan, wani dattijo mai yawan fara'a, ya jawo farantin daga ƙarƙashin benci, cikin kwali mai kyau.

"Sabo na hul, Malam. Jiya yaz zo daga Ikko."

Baba ya karɓa. Ya jujjuya shi, ya kai shi hanci, sannan ya miƙo mini. "Shinshina, ɗiyata. Mi kij ji?"

Na ce, "Kananzir."

Ya dubi dattijon. "In sabo na, wa yaw wanke shi?"

Dattijon ya yi dariya, ya rantse, ya rage kuɗi tun ba a taya ba. Ragin nan ne ya sa Baba ya kankare gefen farantin da farce. Baƙin fenti ya ɓamɓare, tsatsa ta fito.

Ya ajiye shi a hankali ya ce, "Alhaji, mutum sha huɗu nika ɗauka."

Muka dawo hannu rabbana. Na yi ta jin haushinsa a hanya, don na san gobe ma motar ba za ta tashi ba. Ban huce sosai ba sai ranar da na fara sa 'ya'yana a motar haya.