Zabirar da Ta Rasa Magaji

Kai da kake cewa a bari yaron ya girma tukuna, zauna ka ji. An yi wani wanzami, sana'ar gadon gidansu ce tun kaka da kakanni. Sai da furfura ta fito masa Allah ya ba shi ɗa namiji, tilo. Ranar suna da ya ɗauki jaririn zai yi masa aski, hannunsa na gwani ya gaya masa abin da ungozoma ba ta lura da shi ba: jakar marainan yaron wayam take, 'ya'yan ba su sauko ba. Ya ja zane ya rufe. Da uwar ta kai yaron rigakafi, likita ya gani, ya ce kada a bari ya shekara a haka. Akwai allurar sinadarin jiki da ake gwadawa, takan sauko wa wasu da su, in kuwa ta ƙi, ɗan ƙaramin aiki ne. Wanzami ya ce, "Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane kaciya, in miƙa nawa ga wuƙar wani? Me gari zai ce?" Ya yi ta jiƙa masa sassaƙe. Ko kaciyar yaron a ɗaki ya yi ta, ba cikin sa'o'insa ba, don kada wani ido ya gani.

Kwanci tashi yaro ya zama mutum, ya iya aska har ya fi uban, ya yi aure. Shekara tara shiru, ko ɓatan wata. Aka ɗora wa matar laifi, baiwar Allah, ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji ta nemi saki. Ta auri wani, shekara na zagayowa ta haifi namiji. To, wa aka kira askin suna? Tsohon nan! Ya yi askin, ya dawo ya ja ɗansa sai asibitin da ya guje wa shekara talatin. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce zafin ciki ya riga ya kashe irin, ko an sauko da su yanzu babu haihuwa. A hanya ɗan ya ce, "Baba, dama ka sani?" Tsoho ya kasa ɗaga kai. Wallahi da idona na gan shi bayan nan, abin tausayi, zaune a zaure rungume da zabirar kakanninsa, babu jikan da zai rataya ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.