Maɓallin Kwat ɗin Mai Rawa

Wata Laraba da rana, babu lakkwal, wato makaranta, ina shagon ɗinkin Babana a unguwar Goutte d'Or ta babban birnin Faransa muna kallon kaset ɗin wani tsohon fim na rawa da waƙa. Baba ba ya jin Faransanci sosai, ni ke fassara masa, ina ji da kaina, a zatona ba ya gane komai.

Sai ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Ke, mayar baya."

Na mayar ina ƙunƙuni.

"Dubi kwat ɗin mutumin nan. Da ya fara rawa babu maɓallin tsakiya. Ga shi ya juyo, maɓalli ya dawo."

Wallahi haka ne. Sau biyar na kalli fim ɗin ban taɓa lura ba.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Telan da ya ɗinka shi a tsakiyar waƙa, nemo mini shi in ba shi aiki."

Yau ina Lyon, Baba ya koma Damagaram ya huta da ɗinki. In na sa fim ɗin, maɓallin kawai nake jira. Yana dawowa sai in buga masa waya: "Baba, har yanzu ba a samu telan ba."