Wanda Aiki Ya Bari da Wanda Ya Bar Aiki

Tunda ka ce gobe za ka je wurin aiki ka gaya musu ba ka son sabon aikin da suka ba ka, zauna in ba ka misali tukuna.

An yi wani masaƙi da ya shekara ashirin da biyu a gaban inji guda, har ta kai da kunne yake gane zare ya tsinke kafin ido ya gani. Ana nan sai aka sayar da masaƙar. Sababbin masu ita ba saƙa ta kawo su ba. Suka kwance injuna, suka mai da zauren sito. Shi kuwa aka ce ya koma bakin ƙofa yana rubuta lambar motoci. Abin ya yi masa ciwo. A ce abokan aikinsa su riƙa wucewa yana buɗe musu ƙofa? Ga kuma abin da ya dogara da shi: ƙungiyar ma'aikata na da asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki, tun yana saurayi yake zubi a ciki. Bai shawarci kowa ba. Aka miƙo takarda, ya sa hannu cewa ya ƙi, ya fito yana jin kansa namiji.

Da ya je ofishin ƙungiya, magatakarda ya duba takardar, ya ce, "Baba, asusun nan na wanda aiki ya bari ne. Kai kuwa, kai ka bar aiki." Masaƙin ya ce ai saƙa ce aikinsa, kuma ita ta tafi ta bar shi. Gaskiya ya faɗa, ni ma na yarda, amma takarda ba ta da kunne. Abokansa da suka karɓi abin da aka ba su suna can tare, suna cin abincin rana a inuwa ɗaya, shi kuwa kunya ta hana shi bin titin. Sannu a hankali gaisuwa ta ɗauke. Yanzu yana can ƙarshen kasuwar hatsi, shi kaɗai a kan tabarma, yana ɗinke yagaggun buhuna da basilla. Sai ya wuni ba wanda ya kira sunansa, sai dai "mai buhu". Kaɗaicin nan ya fi yunwa cin sa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ƙi sharar masallaci, ya yi ta kasuwa.