Golan da Ba Ya Faɗuwa

Ranar zaɓen 'yan ƙwallon jami'a, gola ƙungiyarmu take nema. Yanzu na'ura ke buga wa kowane ɗan wasa a ƙauri shekarun da suka rage wa gwiwarsa.

Na nuna wa shugabanmu, Alhaji Maikano, wani gola mai suna Sagiru, wanda ko ƙuda ba ya wuce shi.

"Koci, shekara biyu fa gare shi," in ji Alhaji. "Ɗauko mini mai sha huɗun can."

Mai sha huɗun yana tsaye a raga kamar turke. Ƙwallo ta gangaro ta gefensa, ya raka ta da ido.

Na daka masa tsawa, "Kai, ba ka faɗuwa ne?"

Ya shafa gwiwa. "In faɗi lambata ta ragu?"

Alhaji ya gyaɗa kai. "Ka ji yaro mai hankali."