Kujerar Baƙo

Da motar minista ta tsaya a bakin rumfar makoki bayan la'asar, sai ya ce wa masu gadinsa su jira a ciki. Yau ba aiki ya kawo shi ba, yayansa ne ya rasu.

Wannan yayan nasa, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙa goya shi a babur ƙauye-ƙauye, ta cikin gonakin rake, lokacin da yake neman kansila. Daga kansila sai majalisa, daga majalisa sai kujerar minista a Alƙahira, babban birnin ƙasarsu. Shekara ashirin da biyu ke nan rabonsa da gida, kullum "sai bayan zaɓe zan zo."

To, a garinsu 'yan gida ne ke tsayawa a ƙofar rumfa suna karɓar gaisuwa, baƙi ke zama. Ya lallaɓa ƙarshen layi ya tsaya, gwiwoyinsa na ciwo.

Baffansa ya kamo hannunsa. "Haba, ranka ya daɗe, kai da tsayuwa?"

"Baffa, ni ne fa. Nan ne wurina."

"Mun sani mana, muna ganinka a talabijin. Taho."

Ya kai shi kujera mai ruwan zinare, aka miƙo masa gahawa marar sukari. Da mai karatun Alƙur'ani ya rufe karatu, baƙi suka miƙe don ba wasu wuri, shi ma ya miƙe. A ƙofa babban ɗan marigayin ya riƙe hannunsa cikin ladabi.

"Mun gode da tattaki, ranka ya daɗe. Allah ya mai da ku gida lafiya."