Abin da Ya Haura Dubu Ɗari Biyu da Hamsin

Sai da layi ya kawo kanta Hajiya ta ƙanƙame jakarta.

Shekara goma sha ɗaya tana jinyar tsofaffi a unguwar Bronx ta ƙasar Amurka, abin da ta rage yana kwana cikin gwangwanin madara a bayan buhun shinkafa, domin a gida banki ya taɓa rufewa da gumin mijinta. Yau da ƙyar 'yarta ta lallaɓo ta zuwa bankin haɗin gwiwa na titin Grand Concourse, irin wanda masu ajiyar ne suka mallaka.

Ta dubi ma'aikacin, wani ɗan zangon Kumasi. "In kuka durƙushe, wa zai biya ni?"

Ya nuna mata takardar da ke manne a gilashi. "Doka ta wajabta mana inshora, Hajiya. Ko mun rufe, za a biya kowane mamba har dala dubu ɗari biyu da hamsin."

Ta haɗe rai. "Abin da ya haura fa?"

Mutanen layin suka juyo. 'Yar ta zuba wa jakar ido.

Hajiya ta ciro gwangwanin daga jakar ta zazzage: dala ɗari shida da arba'in.

"Don gaba nake tambaya, ɗana. Yanzu na fara."