Tabon Lamba a Damtsena

Ina da shekara bakwai tarin fuka ya kama Mama. A gidanmu na Limawa aka ware mata ɗakin ƙarshe, aka ɗaura wa kofinta jan zare don kada wani ya sha da shi. Ni kuwa aka hana ni shiga.

Wata la'asar kowa ya fita, sai ta kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Naɗe hannun rigarki in gani."

Na naɗe. Ta daɗe tana kallon ɗan tabon da ke damtsena na hagu.

"Washegarin sunanki na kai ki asibiti aka yi miki lambar nan. Nas ta ce allurar tana nuna wa sojojin jiki fuskar ciwon ne, don duk ranar da ya zo su gane shi."

"Ke ina taki, Mama?"

Ta juyo mini da damtsenta, sumul, babu komai. "A ƙauye aka haife ni, can bayan Gwada. Wa zai kai ni?"

Ta miƙo hannu za ta taɓa tabon. Saura kaɗan ta taɓa, sai ta janye, ta rufe baki da zani, ta hau tari.

Sai bayan rasuwarta da shekaru na ji cewa ciwon ba ta kofi yake bi ba, ba kuma ta taɓa jiki ba.

Har yau bai kama ni ba. Amma duk sanda na ga tabon nan, sai in ji wurin yana jiran yatsanta.